An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Dusar Ot da Mai Ciwon Ƙoda

Akwai wata ɗabi'a da ta samu gindin zama a gidajen 'yan boko na Samaru da Sabon Gari, wadda lokaci ya yi da za a faɗi gaskiya a kanta. Da zarar likita ya ce ƙodar dattijo ta fara gazawa, sai 'ya'yansa su rabu gida biyu a kan abin da zai ci. Waɗansu su nufi kantunan Sabon Gari su sayo gwangwanin Quaker, mai himmar cikinsu ma ya sa a aiko masa da dusar ot, domin an gaya masa wai tana wanke ƙoda. Waɗansu kuma su zo da dogon jerin abincin da aka hana, wanda suka kwafo daga wata takardar Turanci, su ce dusa kowace iri guba ce, wake guba ne, gyaɗa haka, tuwon dawa ma a yi hattara da shi. A bar dattijo da farar shinkafa da kabeji, yana ramewa a gabansu. Kowane ɓangare yana ganin shi ne mai ilimi, amma da wuya a sami wanda ya tambayi yawan fosfaras da fotasiyam da aka gani a jinin mahaifinsu a gwajin ƙarshe, alhali waɗannan alƙaluman ne za su raba gardamar.

Hatsin ot ba amfanin gonar ƙasar Zazzau ba ne. Yana son sanyi, shi ya sa Kanada da Rasha suke kan gaba wajen nomansa. Abin da ke cikin gwangwanin da aka fi sani ƙwayar ce gaba ɗayanta, aka turara aka murje ta. Dusar ot kuwa ita ce fatar ƙwayar, daidai da abin da ke fita idan aka surfa dawa ko gero. Bambancin kawai shi ne, ta gida ana zuba wa tumaki, ta waje kuma an sa ta a kwali an rubuta mata suna da Turanci.

Sunan da ta yi a duniya yana da tarihi, kuma babu ƙoda a cikin tarihin. A 1987 wani ɗan jarida Ba'amurke mai rubutu a kan lafiya, Robert Kowalski, ya fitar da littafin da ya yi alƙawarin sauke kolestarol, wato kitsen da ke toshe hanyoyin jini, cikin mako takwas, kuma dusar ot ce ginshiƙin tsarinsa. Littafin ya yi kasuwa, kamfanonin Amurka suka shiga barbaɗa dusar a burodi da biskit da duk abin da za a iya sayarwa. A farkon 1990 wasu masu bincike na Harvard suka buga sakamakon gwaji a kan mutum 20, wanda ya nuna dusar ba ta yi wa garin alkama fintinkau wajen sauke kolestarol ba, sai kasuwar ta faɗi. Binciken da ya biyo baya ya daidaita maganar: akwai amfani, amma matsakaici ne. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kwali cewa giram 3 a rana na bita-gulukan, wani nau'in harza mai yauƙi da ke cikin ot, yana iya rage haɗarin ciwon zuciya. Harza ita ce ɓangaren abincin da hanji ba ya narkarwa. A kan zuciya aka yi wannan amincewa. Wanda ya ɗauko ta ya jingina wa ƙoda ya yi ƙari ne daga aljihunsa.

A yi wa mai talla adalci a wuri guda. Masu ciwon ƙoda mai daɗewa da yawa ciwon zuciya da na hanyoyin jini ne ke kai su kabari tun kafin su kai ga na'urar wankin ƙoda, don haka abin da ya taimaki zuciya ba abin rainawa ba ne gare su. Harza tana kuma hana bushewar ciki, wannan kuwa yana da muhimmanci, domin idan ƙoda ta yi rauni hanji yakan ɗauki wani kaso na aikin fitar da fotasiyam. Iyakar abin da za a ce ke nan. Ƙodar da ta yi tabo ba ta komawa yadda take, ba da dusa ba, ba da zogale ba, ba da jiƙon kowa ba. Abin da ake iya yi shi ne rage saurin lalacewarta. Kalmar "wankewa" da masu talla suke so aro ce daga sunan na'urar asibiti, kuma aro ne na yaudara.

Manomin Bomo ya fi 'yan boko da yawa kusa da fahimtar abin da ake tsoro a cikin dusa, ko da bai taɓa shiga aji ba. Haruffa uku ne a jikin buhun takin da yake saye: NPK. Na biyu fosfaras ne, na uku fotasiyam. Shuka tana zuƙo su daga ƙasa ta tara a ƙwayarta, mafi yawa a fatar ƙwayar, wato a dusa. Mutum ya ci, jiki ya ɗauki abin da yake buƙata, ƙoda ta fitar da saura a fitsari. Idan ƙoda ta kasa, sai ragowar ta taru a jini. Fosfaras yana ɓarna a hankali: yana sa ƙashi ya saki kalsiyam ya yi rauni, hanyoyin jini su yi tauri, jiki ya yi ta ƙaiƙayi. Fotasiyam ba ya jira. Matsayinsa na lafiya a jini yana tsakanin 3.5 da 5.0, kuma idan ya haura 6 yana iya rikita bugun zuciya har ta tsaya, sau da yawa ba tare da wata alama ta gargaɗi ba.

To, nawa ne a cikin dusar ot? A kowane giram 100 na ɗanyarta akwai fosfaras wajen miligiram 730, fotasiyam wajen 560, da furotin giram 17. Ɗanyar farar shinkafa mai wannan nauyi tana da kusan 115 na kowanne daga cikin sinadaran biyu. Dawa da gero waɗanda ba a surfa ba suna wajen 300 na fosfaras. Kafin mutum ya sami giram 3 na bita-gulukan ɗin nan sai ya ci kimanin giram 50 na dusar kullum, wato fosfaras sama da miligiram 360. Ƙa'idar da likitocin ƙoda na Amurka suka fitar a 2003 ta ce wanda fosfaras ɗinsa ya hau ya tsaya tsakanin miligiram 800 da 1,000 a rana. Ke nan kwano ɗaya na kunun dusar ot ya cinye fiye da sulusin rabon yini. Daga wannan lissafi ne jerin haramcin ya samo asali, kuma a kan takarda ba shi da aibi.

Sai dai ciki ba takarda ba ne, kuma a nan ne masu jerin haramci suke nuna cewa karatunsu ya tsaya shekaru ashirin baya. Mafi yawan fosfaras ɗin da ke cikin hatsi da wake a ɗaure yake cikin wani sinadari mai suna fayitet, wanda hanjin ɗan Adam ba shi da isasshen abin kwance shi. Ƙasa da rabi ne ke shiga jini, saura ya bi bayan gida. Rago kuwa, ƙwayoyin halittar da ke tumbinsa suna kwance fayitet sarai, shi ya sa likitocin dabbobi suke gargaɗin masu kiwon layya cewa yawan dusa ba tare da isasshen kalsiyam ba yana jawo wa raguna tsakuwar mafitsara. Wannan cuta ce dabam, amma tana nuna abu guda: abin da ke cikin kwano da abin da ke isa jini ba ɗaya ba ne, ya danganta da cikin da ya karɓa. Na nama da kifi da madara jiki yana ɗaukar kimanin rabi zuwa sama. Na sinadaran da masana'antu ke ƙarawa a lemon kola da sarrafaffen nama kuwa kusan duka yake shigewa.

An gwada wannan a kan mutane. A 2011 Sharon Moe da abokan aikinta a Indiyana ta Amurka suka ciyar da masu ciwon ƙoda su 9 abinci iri biyu masu fosfaras daidai wa daida, mako guda na nama, mako guda na hatsi da tsirrai. A makon tsirrai fosfaras ɗin jininsu ya fi ƙasa. Mutum 9 ba taro ba ne, amma sakamakon ya dace da abin da aka sani game da fayitet, kuma sabuwar ƙa'idar abincin masu ciwon ƙoda da aka fitar a Amurka a 2020 ta daina ɗora wa kowa adadi ɗaya. Ta ce a daidaita fosfaras da fotasiyam na abinci gwargwadon abin da gwajin jinin mutum ya nuna, kuma a duba daga ina fosfaras ɗin ya fito. Fotasiyam ɗin da ke cikin giram 50 na dusar ot, wajen miligiram 280, bai kai na ayaba ɗaya matsakaiciya ba, ballantana tafin hannu na dabino a lokacin buɗa baki.

Saboda haka tambayar ko dusar ot ta dace da mai ciwon ƙoda tambaya ce da ba a kammala ba. Wane mai ciwon ƙoda? Ciwon mataki biyar ne, ana auna shi da ƙarfin tacewar ƙoda. Malamar makaranta mai ciwon suga wadda ƙarfin tacewarta yake 50, fosfaras da fotasiyam ɗinta lafiya lau, za ta iya shan kunun ot, za ta iya cin wakenta da tuwon dawarta, hana ta su ma zalunci ne. Tsohon ma'aikacin jami'a wanda nasa ya sauka ƙasa da 15, yana shan lisinofiril ko losatan, magungunan hawan jini masu kare ƙoda amma masu riƙe fotasiyam a jiki, shi kam kowane cokali sai da lissafi. Wanda ke kan na'urar wanki yana buƙatar furotin fiye da da, giram 1 zuwa 1.2 ga kowane kilon nauyinsa, ga shi an ƙayyade masa ruwan sha, dusa kuwa ba ta tafiya sai da ruwa, in ba haka ba ta ƙara masa bushewar cikin da aka ce za ta magance. Mutum uku, amsa uku. Duk wanda ya ba su amsa ɗaya, ko dai yana da kayan sayarwa, ko kuwa bai san abin da yake faɗa ba.

Kuma ba a shan ot gaya. Ana dama shi da madarar gari, wadda fosfaras ɗinta a giram 100 ya kai na dusar, fotasiyam ɗinta ya ninka nata fiye da biyu, kuma jiki ya fi ɗaukar nata. Iyalin da ke jayayya a kan dusa sukan zuba cokali uku na madara ba tare da kowa ya ɗaga kai ba.

Abin da ya fi wannan muni yana cikin tukunyar miya. Hawan jini da ciwon suga suna sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda, a Najeriya da sauran duniya, kuma gishiri shi ne abokin tafiyar hawan jini. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2024 kan ciwon ƙoda ta ce sodiyam kada ya kai giram 2 a rana, wato gishiri ƙasa da giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi da yaji da kilishi da kayan ɗanɗanon taliyar leda. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne. A ƙirga nawa ake marmasawa a tukunya ɗaya, sannan a ƙara gishirin a kai. Gidan da ya sayo dusar ot daga Kanada amma bai rage dunƙule ko ɗaya ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Kanwa ma tana da nata labarin, kuma misali ce ta yadda karatun Turanci ba tare da sanin tukunya ba yake ɓatar da mutum. A Turancin Najeriya ana kiranta da sunan da ke nuna fotasiyam, sai ɗan boko ya ɗauka fotasiyam ce matsalarta. Alhali mafi yawan abin da ke cikin kanwa gishirin sodiyam ne, don haka wurinta a lissafin gishiri yake, tare da ɗanwake da kunun kanwa da waken da aka dafa da ita. Ruwan toka kuwa, wanda wasu gidaje suke amfani da shi a madadinta, shi ne mai fotasiyam na gaske. Haka gishirin kanti da ake tallatawa da sunan mai sauƙi ga masu hawan jini: an maye wani kaso na sodiyam ɗinsa da fotasiyam, abin da zai amfani mai lafiyayyar ƙoda, ya jefa mai raunanniya cikin haɗari. Takardar da aka rubuta don ɗakin girkin Amurka za ta yi gargaɗi a kan cuku da naman gwangwani, amma ba ta san kanwa ba, ba ta san toka ba, ba ta taɓa jin kuka ko daddawa ko fura ba.

Sai kuma kemis. Dikulofenak da ibufurofen, waɗanda ake saye kamar alewa don ciwon baya da ciwon gwiwa, suna rage jinin da ke isa ƙoda, kuma ga wanda tasa ta riga ta yi rauni suna iya tura ta mataki na gaba. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda da sunan maganin gajiya sau da yawa akwai irinsu a ciki. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika a bakin kasuwa, ba wanda ya san abin da ke cikinsu ballantana yawansa. Ɗan da ya zauna da mahaifinsa ya zazzage ledar magungunansa a gaban likita ya yi masa hidimar da ta fi kwali goma na dusa.

Abin da ake ƙoƙarin jinkirtawa ba ƙarami ba ne. Wankin ƙoda yadda ya kamata sau uku ne a mako, kowane zama kusan awa huɗu. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. Ko a wannan farashi mai tallafi, zama uku a mako ya haura naira 140,000 a wata, ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kafin a yi maganar allurar ƙarin jini da kuɗin mota. Kowace shekara da aka ƙara wa ƙoda kafin ta kai ga na'ura gona ce da ba a sayar ba, yaro ne da ba a cire daga makaranta ba. Wanda ya sa iyali suka kashe wata shida suna jiran dusa ta yi aiki, suka daina zuwa asibiti, suka bar maganin hawan jini, daga wannan lokaci mai tsada ya yi musu sata.

Laifin bai tsaya kan masu talla da 'ya'ya masu kyakkyawar niyya ba. Sun sami fili ne domin masu ilimin sun bar shi. Kuma in akwai wurin da bai kamata a ga wannan gibi ba a duk faɗin Arewa, to Samaru ce. Tun 1922 ake binciken noma a nan, kuma tun 1962 Cibiyar Binciken Aikin Gona take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Irin dawa da masara da wake da gyaɗa da take fitarwa suna ɗauke da sunan garin, SAMSORG da SAMMAZ da SAMPEA da SAMNUT. A nan cibiyar NAERLS take, wadda ta daɗe tana mayar da binciken noma zuwa Hausar da manomi zai gane, a takarda da rediyo. 'Yan kilomita kaɗan a kan hanyar Funtuwa ga Asibitin Koyarwa na jami'ar a Shika. Malaman gona sun daɗe suna koya wa manomi cewa a san abin da ƙasa ta rasa kafin a zuba mata taki. Wannan darasi ne dai mai ciwon ƙoda yake buƙata game da jininsa.

Alƙaluman ma ba daga sama za a nemo su ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sabon jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma, da fosfaras da fotasiyam da sodiyam na ɗaruruwan nau'o'in abinci. Da Turanci da Faransanci yake, kuma da giram 100 yake magana. Matar da ke dafa wa mijinta mai ciwon ƙoda a Bomo ba ta da sikeli. Tana da ludayi da gwangwanin madara da mudu, tana kuma sanin girman malmala. Abin da take buƙata shafi biyu ne da Hausa, waɗanda likitan ƙoda da masanin abincin marasa lafiya da masanin hatsi suka zauna suka rubuta tare: malmala nawa ta tuwon surfaffiyar dawa, nawa ta wadda ba a surfa ba, ludayi nawa na koko, wake sau nawa a mako ga wanda fotasiyam ɗinsa yake 4.5, sau nawa ga wanda nasa yake 5.5, yadda ake yanka dankali ƙanana a tafasa a zubar da ruwan don rage fotasiyam, dunƙule nawa a tukunyar mutum shida. A cikin irin wannan takarda dusar ot za ta sami layi ɗaya, kusa da dusar gero, da adadinta a gefe.

Kafin a rubuta ta, nauyin yana kan ɗan bokon gidan, tun da shi ake kira idan an shiga ɗakin likita. Ya nemi sanin matakin da ciwon yake, ya rubuta adadin kiriyatinin da fotasiyam da fosfaras da ranar da aka auna su, ya tambayi yaushe za a sake aunawa. Ya nemi a haɗa su da masanin abinci na asibitin, kuma ya tafi da wadda take girkin, domin ita ta san abin da ke shiga tukunya. In bayan wannan dattijo yana sha'awar kunun ot, alƙaluman jininsa kuma sun ba da dama, a dama masa cokali biyu ko uku, a sanar da likita, a duba abin da gwaji na gaba zai nuna.